Likkafanin Iya Tasalla

Ran da likitan Dutse ya rufe takardunsa
ya ce a mai da ita gida, a yi ta addu'a,
Iya Tasalla ta gyara ɗaurin kallabi a bayan mota,
ta ce, "Madalla. An huta da sayen magani."

Mun iso Harbo da la'asar sakaliya.
Ba ta nemi ruwa ba, ba ta nemi fura ba.
Ta ce, "Kai, mijin banza, ɗauko biro,
janyo min adakar nan ta ƙarƙashin gado
mu ga abin da asu ya rage na likkafani."

Farin alawayyo ne, na kasuwar Gujungu.
"Wannan na uku ke nan," in ji ta.
"Na fari an ara wa Ladidi,
na biyu matar Sarkin Fawa ta tafi da shi.
Kowa sai riga ni yake, kamar ana rabon taki.
Da aka zo biya ma, ɗan Ladidi ya ci kamu guda,
na yi shiru ne kawai, Allah na gani."

Ta miƙe a tabarma, ta haɗe ƙafa, ta rufe ido.
Na ja zare daga ka har dunduniya,
hannuna na rawa.
Ta buɗe ido ɗaya.
"Ƙara taƙi guda, marowaci.
Shekara tamanin ba a ga ƙwaurina a gari ba,
ba a kan makara za a fara ba, ka ji ni?

"Rubuta. Kande ce mai wanka.
Ban da Uwale, hannunta na kankare tukunya ne.
A ɗumama ruwan.
Ganyen magarya kuwa na shanya shi a kan danga."
Muka leƙa tare,
sai ga jar akuya tana tauna na ƙarshe.
"To, rubuta akuyar. Ita ce ta sadakar uku,
ita ta zaɓi kanta, ba ni.

"Mai goro na bina ɗari biyu, a biya.
In liman ya tambayi masu bina bashi,
kai kuma ka miƙe ka tambayi waɗanda nake bi.
Ka tsura wa Malam Datti ido.
Kwano huɗu na gero, tun shekarar fara,
ya sani, na sani.

"Kada a haƙa min kusa da kakanka.
Shekara arba'in ina jin minsharinsa,
a bar ko kabari biyu tsakani.

"Da damina kuwa ban so tafiya ba,
kowa na gona, sahu biyu ba zai cika ba,
ga ramin ya yi ta tsatsafo.
In Mai lokaci ya yarda, ya kai ni rani."

Nan tawada ta jiƙe a takarda.
Ta ce, "Kuka? Adana shi, kada ka ƙarar.
Ranar zan buƙace shi,
kada a ce tsohuwa ta tafi ba ta bar kowa ba."
Ta ɓara goronta, ta ba ni ƙaramin ɓarin,
ta ce, "Ladan rubutu. Babban sai wani."

An yarda mata. Sai da gero ya shiga rumbu,
ran wata Alhamis bayan asuba.
Sahu bakwai, har da mutanen Aujara.
Kande ta fito tana share ido,
ta ce likkafani ya isa, har da rarar taƙi.
Malam Datti bai jira na miƙe ba,
ya aiko da kwano biyar kafin a ɗauki makara.

Da dare na zauna bakin adaka
na buɗe takardar ina sake karantawa.
Dariya ta kama ni, kukan da na adana ya biyo ta,
na jira a ce min mijin banza,
ɗakin bai tanka ba, sai ni.